Ɗanin Da Na Ba Surukina

Shekara ashirin da biyu ina tuƙin haya tsakanin Daura da Zango, ban taɓa take ko kaza ba. Ku je tasha ku tambayi wanda kuka ga dama, ku ce Dabo direba. Amma ni ɗin nan aka tsayar gaban alƙali a kan hatsarin mota, kuma lokacin da hatsarin ya faru ba na ma cikin motar. Ina tsugune a ƙasa, ba takalmi, a ƙofar gidan surukina, ina jira a dawo mini da abina.

Duk shekarun nan motar mutane nake ja. Sai bana Allah ya nufa na sayar da shanun huɗata guda biyu, na haɗa da abin da na tara, na sayi tawa. Golf ce ta hannu, fara, injinta lafiya lau. Da kaina na tsaya a gareji aka sake mata takalman birki, aka juye mai, na yi mata takardu da inshora, komai cif. Kwananta uku a hannuna matata Maijidda ta ce, "Malam, ba ka kai wa Baba ya sa albarka ba fa."

Gaskiyarta ce. A wajenmu ba ka yin sabon abu ka fara ci da shi manya ba su ɗora hannu ba. Na wanke mota, na sa rigar Juma'a, na kama hanyar Zango da hantsi. Ranar kasuwa ce.

Mahaifin Maijidda dattijo ne, ya ba saba'in baya, tsohon mai sayen gyaɗa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, Baba nake cewa. A nan tunda rubutu ne zan sa: Alhaji Abbas. Na same shi a gindin bedin ƙofar gida kan tabarma, shi da abokansa kamar biyar. Na ajiye mota nesa kaɗan, na tuɓe takalmi, na zo na tsuguna na gaida su ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya tashi da sandarsa ya zagaye motar sau biyu. Ya ƙwanƙwasa taya, ya leƙa ciki, ya yi addu'a ya tofa a sitiyari. Aka shafa. Da a nan aka tsaya, da yau ba ni da labarin da zan rubuta.

Sai wani abokinsa, Malam Musaddiq, mai bakin tsokana, ya ce, "Alhaji, an ce kai ma direba ne a zamaninka. Ko labarin majalisa ne?"

Baba ya ce, "Labari? Ni da na ja tarakta damina huɗu, tun kai kana bin jaki a baya?"

"Tarakta ai ba mota ba ce. Saniya ce mai hayaƙi."

Aka fashe da dariya. Baba bai yi dariya ba. Ya juyo ya miƙo mini tafin hannu.

"Dabo, kawo makullin in ɗana."

Ɗani ba baƙon abu ba ne. Ka sayi keke a ce ba ni ɗani, ka sayi babur a ce ba ni ɗani, mutum ya hau ya kai bakin layi ya dawo ya ce Allah ya sa alheri. Wanda ya hana abokinsa ɗani an sa masa sunan marowaci har ya mutu. To wannan aboki ke nan. Ina ga suruki, a ƙofar gidansa, a gaban tsaransa, an gama yi masa dariya, hannunsa a miƙe?

Na san ba shi da lasisi. Ba sai an gaya mini ba. Mutumin da rabonsa da sitiyari tun ban yi gemu ba, ina zai samu lasisi? Zuciyata ta ce kada ka bayar. Hannuna ya shiga aljihu.

Na dai yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ko in shiga in zauna a gefe?"

Malam Musaddiq ya ce, "Kai, kai, kai! Kafaɗa da kafaɗa da surukinka? Yaran yanzu ba kunya. Zauna nan, ni zan raka shi in ga ƙaryar."

Yaro. Shekarata arba'in da bakwai. Na koma na tsuguna.

Motar ta mutu sau biyu kafin ta tashi. A na uku ta zabura kamar an tsikare ta. Ina ji yana ba ta wuta a giya ɗaya, injin yana kuka, kowane kuka a ƙirjina yake sauka. Na zata zai kai bakin masallaci ya juyo. Sai na ga ya karya kwana ya nufi hanyar kasuwa. So yake a gan shi.

Ba a yi minti uku ba muka ji ƙarar. Sai salati, sai ihu. Na tashi a guje, takalmina na bari nan.

A mashigar kasuwa na tarar da su. Motata ta shige cikin amalanken shanu ta gefe. Buhunan gero sun fashe, gero ya malale a titi. Sa ɗaya yana kwance yana shure-shure, mahauta sun riga sun taho da wuƙa don kada ya mutu mushe. Mai amalanken yana ƙarƙashin ƙarfen, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Munzali sunansa, na san shi a fuska, shi ke ɗauko wa mutane hatsi daga ƙauyuka. Mu shida muka ɗaga amalanken aka jawo shi.

Baba yana zaune a ciki, hannu biyu a sitiyari, hularsa ta faɗi kan cinya. Ko ƙwarzane babu a jikinsa, haka Malam Musaddiq. Na buɗe ƙofa. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Dabo, birkin motarka ba ya kamawa."

Na duba ƙasa. Har lokacin ƙafarsa tana kan totur, abin ba mota wuta, ba birki ba.

Na zura hannu ta gefensa. Na kashe makulli na zare. Wallahi da wani ne ba shi ba, da sai an raba mu.

Aka kai Munzali asibiti a Daura, mu kuma aka wuce da mu caji ofis, aka jawo motar da igiya, lagireto yana zubar da ruwa. Wani sajan mai furfura a gefen kai ya zauna da biro.

"Wa ke da mota?"

Na ce ni.

"Wa ke tuƙi?"

Baba ya ce shi ne.

"Alhaji, kawo lasisi."

Baba ya lalube aljihu, ya lalube, ya ciro katin zaɓe ya ajiye a tebur. Sajan ya kalli katin, ya kalle ni.

"Kai ka ba shi makulli?"

"Yallaɓai, ɗani ne kawai. Surukina ne."

"Ban tambaye ka dangantaka ba. Ka ba shi ko ya ɗauka?"

Kafin in buɗe baki sai ga Lawal ya faɗo. Lawal yayan Maijidda ne, babban ɗan Baba, yana da shagon taki a Daura, kuma mutum ne mai ganin ba abin da magana ba ta gyarawa. Ya roƙi sajan a ba shi minti biyar da ni. Ya ja ni bayan ofis inda ake jibge babura.

"Dabo, abin mai sauƙi ne. Ka ce kai ke tuƙi."

Na ce, "Me ka ce, Yaya?"

"Kana da lasisi, kana da inshora. In kai ne, tsautsayi ne, a yi magana a wuce. In Baba ne, kotu ce. Kana so a ga dattijo kamar wannan a akwatin masu laifi?"

"Kasuwa guda ta gan shi."

"Kasuwar Zango ce. Wa zai buɗe baki a kan Baba a Zango? Bar mini wannan."

"Shi kuma mai ƙafar?"

"Za a kula da shi."

Na ce, "Shekara ashirin da biyu ban take kaza ba, yau in rubuta da hannuna na karya mutum na kashe sa? Gobe wa zai sa matarsa a motata?"

"Au, sunanka ya fi mutuncin Baba?"

"Yaya, lokacin da ake zuga shi ya hau kana ina? Na ba da mota, an murƙushe ta, yanzu kuma in ba da suna? Me ya rage, fatata?"

Ya ce dama an ce ni mai taurin kai ne. Na ce ba a yi ƙarya ba. Na koma ciki na ce wa sajan ya rubuta ni na ba da makulli.

Sajan ya ajiye biro. Ya ce, "Malam Dabo, bari in gaya maka tun yanzu don kada ka ce ba a gaya maka ba. Laifin nan biyu ne. Shi ya yi tuƙi ba lasisi, ya ji wa mutum. Kai kuma ka ba wanda ba shi da lasisi motarka, wannan laifinka ne kai kaɗai, ko da bai buge kowa ba. Sannan inshorarka ba ta aiki in marar lasisi ne a sitiyari, ke nan ka sa mota a titi ba inshora. A kan wannan alƙali yana iya karɓe lasisinka."

Na ce, "Lasisina? Ni da nake tsugune?"

Ya ce, "Kai da kake tsugune."

Tara ba ta ba ni tsoro ba, gyaran mota bai ba ni tsoro ba. Lasisin nan shi ne gonata. Ban iya ɗinki ba, ban iya awo ba, shanun huɗar ma na sayar. 'Ya'ya shida da uwarsu da tsohuwata a Dutsi, duk daga wannan ɗan katin suke ci.

Yazid ne ya tsaya mini beli. Abokin aikina ne a tasha, tare muka fara tun muna karen mota, yanzu gemunsa ya fara fari. Ya goya ni a babur, muna hanya yana magana yana waiwaye.

"Kai jaki ne, Dabo. Wa ya ce ka ce ka ba shi?"

"To na ba shi mana."

"Ka koma ka ce ruɗewa ka yi. Ka ce makullin a jikin mota ka bari, kana gaisuwa ya shiga ya ja ba ka sani ba. Shi ke nan ka fita. Na ga an yi haka a kan wani a Mai'aduwa, ko kwana biyu motarsa ba ta yi ba aka sake ta."

"Shi kuma tsohon?"

"A ƙara masa da ɗaukar mota ba izini. Tsoho ne, wa zai ɗaure shi? Ai shi ya ja."

"Wato in ce surukina ɓarawo ne."

"Ni ban ce ɓarawo ba. Takarda ce za ta ce. Kai dai ka zaɓa, ko kunya ko tuwo."

Ba zan ɓoye ba, maganar Yazid ta zauna mini. Kwana huɗu ina juya ta. Duk sanda na tuna "birkin motarka ba ya kamawa," sai in ji zan iya.

Da safe na samu Maijidda a madafa tana dama koko. Tun ranar ba ta ce mini uffan a kan zancen ba, idonta ne kawai ya kumbura. Na tsaya a kanta na zayyana mata duka biyun, na Lawal da na Yazid. Na ce ta faɗi nata.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni na ce ka kai motar, wannan nawa ne. In ka ce ɗauka ya yi, 'ya'yanka jikokin ɓarawo ne, su za a nuna a makaranta. In ka ce kai ne, ka yi wa mai ƙafa ƙarya a kan ƙafarsa. Ni ban ce ka yi ko ɗaya ba."

"To me za ku ci in an karɓe lasisin? Ubanki zai aiko da gero?"

Ta ajiye ludayi. "Malam, shekara goma sha tara ba ka taɓa ce mini ubanki ba."

"Yau na ce!"

Na fita na bar kokon. Raina ya ƙara ɓaci don ta ƙi zaɓar mini. Kowa a gidan nan yana da dabara, amma ɗaukar kayan ni aka bar wa.

Daga nan asibiti na nufa, ban ma shirya zuwa ba. Munzali yana kwance, an sa wa ƙafar ƙarafa sun fito ta waje kamar ana ginin rumfa. Likita ya ce karaya biyu ce, zai taka amma ba kamar da ba. Na gaishe shi, na ce ni ne mai motar.

Ya ce, "Na gane ka, direba. Kai ne ka ɗaga amalanken ta wajen kaina. Zauna."

Na zauna a bakin gado. A gefensa ga gwangwanayen madara da lemo an jera.

Ya ce, "Ka ga wannan? Surukinka ƙarami, Lawal, ya kawo. Mutumin kirki. Sau biyu yana zuwa. So yake in tuna da kyau, wai ko gemun da na gani a motar baƙi ne."

"Me ka ce?"

"Na ce ƙafata aka karya, ba idona ba. Fari ne tas, har yana ɗaga wa mutane hannu. Madarar dai na sha, tunda an kawo."

Ya yi dariya, dariyar ta taɓa ƙafar, ya cije baki. Da ya lafa sai ya ce, "San da aka yanka, Ɗan Baƙi nake ce masa. Shekara biyar muna tare. Ɗayan ba ya ja shi kaɗai. Kai da ka san hanya, direba, me ya sa ka ba shi?"

Na buɗe baki in ce surukina ne. Na kalli ƙarafan nan. Maganar ta ƙi fita. A caji ofis ta fita da sauƙi, a nan ta ƙi.

Ranar shari'a kotun majistare ta cika da mutanen Zango. An tsayar da mu biyu a akwati ɗaya, ni da Baba, kafaɗa tana gugar kafaɗa. Saboda tsufa aka ba shi kujera. Mai gabatar da ƙara ya karanto laifin Baba, ya karanto nawa, aka fassara da Hausa.

Baba ya amsa shi ke tuƙi, amma ya ce birki ne. A gaban alƙali, a gaban jama'a, ya sake cewa birki ne. Aka kira jami'in da ya duba motar, ya ce ya gwada birki ƙafa huɗu, sabo ne, yana kamawa, kuma babu alamar jan taya a titi ko taku ɗaya. Baba ya ce to shi dai ya taka. Alƙali ya ce ya yarda ya taka, abin da ya taka ne ake magana.

Sai aka zo kaina. Alƙalin ba tsoho ba ne, ba zai wuce sa'ata ba, yana magana a hankali kamar mai ba da magani.

"Dabo, motar taka ce?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe."

"Yaya aka yi makullin ya bar hannunka?"

Na hango Yazid a benci na biyu yana zare mini ido yana gyaɗa kai. Na hango Lawal ya harɗe hannu. Ƙofa a buɗe take, kalma uku ce: ɗauka ya yi, ranka ya daɗe. Baba yana zaune kusa da gwiwata, yanzun nan ya gama ɗora wa birkina laifi. Wallahi bai cancanci in rufa masa ba. Amma ba haka aka yi ba, kuma ni aka ba Alƙur'ani na dafa.

"Ni na ba da shi da hannuna."

"Wa ka ba?"

"Baba."

"Kotu ba ta san Baba ba. Faɗi sunansa."

Na saci kallon Baba. Aka fara ƙus-ƙus a baya. Alƙali ya maimaita. Na ce, "Alhaji Abbas." Wata tsohuwa a baya ta ce subhanallahi, kamar na yi ashar a masallaci. Mutum yana asibiti da ƙarfe a ƙafa ba ta ce subhanallahi ba, sai da na kira suna.

"Ka san ba shi da lasisi?"

"Ban tambaya ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To me ya sa?"

Nan abin ya ƙwace mini. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ma ɗan ƙasar nan ne, kana da suruki. Ya miƙo maka hannu a gaban mutane, sai ka ce Alhaji nuna mini takarda? Wa ke yin haka? Duk waɗanda ke zaune a nan, a nuna mini mutum ɗaya da zai hana. Su suka zuga shi, su suka hana ni zama a gefe, ga Malam Musaddiq can yana gyara hula. Ba wanda aka kama sai ni da na yi ladabi!"

Ɗan sandan kotu ya daka mini tsawa. Alƙali ya ɗaga masa hannu.

Ya ce, "Na ji ka, kuma ban ce abu ne mai sauƙi ba. Amma su ba su da makulli, kai ke da shi. A duk wurin nan kai kaɗai ne direba, kai kaɗai ka san abin da mota ke yi wa mutum. Kunyar da ka ji ta minti ɗaya ce. Munzali zai yi ɗingishi har ƙarshen ransa, kuma shi ba surukin kowa ba ne a cikinku."

Har yau ina neman amsar da zan ba shi ban samu ba, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai.

Ya yanke hukunci. Baba tara, da gargaɗin kada ya sake taɓa sitiyari, ya ce don tsufansa ne bai aika shi gidan yari ba. Maganin Munzali da sansa da geron mutane a wuyanmu mu biyu, tunda kamfanin inshora ya rubuto ba ruwansa. Ni kuma tara, sannan ya ce saboda na faɗi gaskiya ba zai ɗaure ni ba, amma an dakatar da lasisina shekara ɗaya.

Shekara ɗaya. Akawun kotu ya miƙo hannu, na ciro katin daga cikin leda inda nake adana shi, ya jefa a ambulan ya lashe bakin ambulan ɗin ya manne, kamar ba komai ba.

A waje Lawal ya tare ni, mutane na kallo.

"Ka huta? Ka tsayar da Baba a kotu, ka kira sunansa gatsal a bainar jama'a. Da ka ji maganata da yanzu kowa yana gida."

Na ce, "Yaya, matsa."

"Ba zan matsa ba. Ka tozarta gidanmu."

"Gidanku? Gidanku ya rasa me? Gobe za ka buɗe shagonka, Baba zai koma gindin bedinsa a ci gaba da hira. Ni ne ba ni da wurin zuwa gobe da safe! Hanya biyu aka ba ni in tsira, ɗaya taka, ɗaya wadda za ta sa a rubuta ubanka ɓarawo. Na bar ta na ɗauki shekara ɗaya. Ka ce na gode, ko ka rufe mini baki."

Bai san da ta biyun ba. Baba yana jingine da motar Lawal, ya ji komai. Na ɗauka zai ce wani abu, ko Allah ya ba da haƙuri ne. Ya gyara riga ya shiga mota.

Wata guda motar ta yi a gareji kafin ta tashi. Ba zan iya barinta a ajiye ba, gida na jiran abinci, Munzali na jiran magani. Yazid ya ajiye motar maigidansa ya karɓi tawa, muna raba abin da aka samu. Ni kuma shugaban tasha ya tausaya ya ba ni kamasho. Ni Dabo, ina tsaye a rana ina "Zango mutum ɗaya! Zango mutum ɗaya!", ina cusa buhu a but ɗin mota, direbobin da na koya wa riƙe sitiyari suna miƙo mini na shayi ta taga.

Jiya tsohuwata ta aiko ba ta jin daɗi, dole in je Dutsi. Yazid ya ce ai sai ya canza layi ya kai ni, ya ɗebi fasinjan can. Gaba an riga an ba wata mai jego. Na shiga kujerar baya a motata, mu huɗu, wani mai kaji ya ɗora mini kwando a gwiwa.

Yazid direba ne mai lasisi, ba abin da doka za ta ce masa. Amma ƙafarsa ba ta sauka daga kan kuloci. Tun daga fitar gari nake jin ƙauri. Ya faɗa rami na farko, ya faɗa na biyu, ramukan da na san su kamar ɗakina. Ya sa giya uku ta yi ƙara har haƙorina.

Na ce, "Yazid, sauke ƙafarka daga kuloci."

Mai kajin ya juyo ya ce, "Malam, ka bar direba ya yi aikinsa mana. Kai ka san tuƙi ne?"

Yazid ya kalle ni ta madubi, yana danne dariya. Na riƙe kwandon kajin da kyau don kada ya zame. Saura wata goma da kwana tara.